Na hana Alhaji cin nama, ni kuma ina ta ƙiba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu manya da yara, ina gaishe ku da gajiya. Don Allah a sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin tashar Gaya zai gane ni tun bai kai rabin labarin ba, shi kuma ina roƙonsa ya riƙe bakinsa. Ku yi haƙuri da rubutuna. Lekol, wato makarantar boko, da aka sa ni ina yaro, mushe, wato malaminmu, bai gama koya mana baƙaƙe ba na gano mangwaron bayan aji ya fi allo daɗi, sauran abin da na iya a jikin kwalin shayi da bayan motoci na tsince shi. Da yatsa ɗaya nake danna wannan saƙo. Kafin ku yanke mini hukunci ku bari in kai ƙarshe, don duk zagin da za ku yi mini matata ta riga ku, kuma ta fi ku iyawa.

Ni tsoho ne, furfura ta gama da gemuna. A garin nan ana ce mini Baushe, wato mafarauci, kuma sunan na gado ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne na gaske, irin wanda in ya fita da safe mata ke ɗora tukunya tun bai dawo ba. Ni abin da na gada a wurinsa sunan ne, da bindigarsa harba-ka-ruga, da labaransa. Na bi shi daji ina saurayi, wannan gaskiya ne, amma aikina riƙe gorar ruwa da ɗauko abin da ya kashe. Ranar da ya ba ni bindigar in gwada, ƙararta ta zaunar da ni cikin ƙaya, zabuwar da na auna kuma ta juyo ta dube ni sannan ta tafi abinta. Bai sake ba ni ba. Da ya rasu sai na lura mutane na son labarin daji, ni kuma ina son shayin da ba ni na biya ba, sai muka daidaita. Ɓaunar da ya kashe ta zama ni na kashe ta, tabon da garma ta yi mini a ƙwauri ya zama haƙorin gyado. Bindigar kuwa, wata shekara da hatsi ya yi wuya na ƙetara kogi da ita na sayar wa wani mutumin Benin na sayo gero. Kuben fatarta na nan rataye a ɗakina, kowa ya leƙo yana gani, amma abin da ke ciki guntun bututun famfo ne da na naɗe da tsumma don ya cika. Daga ni sai matata muka san wannan.

To bayan girbin shinkafar da ya wuce, iyayen yara na unguwarmu suka shirya kermes, wato taron neman gudummawa, don a yi wa azuzuwan lekol rufin kwano, saboda azuzuwan na zana ne kuma kowace damina sai ta cinye su. Kun san yadda garin ya koma tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar kan iyaka: manyan motoci sun yi layi suna tsatsa, 'yan dako na zaman hira, kowa aljihunsa ya bushe. Sai kwamiti ya ce wanda ba shi da kuɗi ya kawo abin da yake da shi a yi gwanjonsa, abin da aka samu na yara ne. Wani ya jawo rago, wata ta kawo buhun shinkafa, tela ya ce zai ɗinka wa wanda ya saya kayan salla, wani masunci ya ba da kamun fitarsa guda. Ni ina gefe ina cin gyaɗar wani, ban nemi kowa da magana ba, sai mai shela ya hango ni ya ce a lasifika, "Ga Baushe can. Baba, kai me ka kawo wa jikokinka? Ko labari za mu sa a gwanjo?" Aka bushe da dariya. Da na taya su dariyar da yanzu ina barcina lafiya. Amma wane ni? Na miƙe, na gyara zaman hula, na ce, "Faɗa musu farauta na kawo. Duk wanda ya saya, ni Baushe ɗan Baushe zan kai shi daji mu kwana, kuma ba zai dawo gida ba sai da naman da ya harba da hannunsa."

A lissafina babu mai saye. Wane mai hankali ne zai biya kuɗi a kai shi daji a wannan zamani, da ko masu itace ba sa nisa da gari? Na zaci za a yi tafi, a ce Baushe ya yi ƙoƙari, in koma kan gyaɗata. Sai wani hannu ya tashi. Bari in kira shi Alhaji Mai-kamyo, don motocin ɗaukar kaya ne sana'arsa. Sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, tun yana yaron mota yake bin hanyar Kwatano zuwa Yamai har ya mallaki nasa. Wasu samari suka riƙa ƙara masa farashi don tsokana, shi kuma ya ƙi sauke hannu, har farautata ta fi ragon tsada. Aka yi guɗa, aka ɗaga hannuna da nasa sama kamar 'yan kokawa. Ina ta murmushin dole. Kwanon da ke kan ajin 'yan farko yau, rabinsa da ƙaryata aka saye shi.

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana. "Baushe, yaushe za mu?" Na ce ciyawa ba ta gama bushewa ba. Ya dawo, na ce wata ya yi haske da yawa, nama na ganin mutum. Ya sake dawowa, na ce wata ya yi duhu. Ya ce, "To kai wane irin wata kake so, in sa a kawo maka daga Kwatano?" Na ga dabara ta kusa ƙare mini, sai na tuna abin da duk Gaya ta san Alhaji da shi. Mutumin nan yana son nama kamar kura. Mai tsiren bakin tasha daga ƙarar babur ɗinsa yake fara barbaɗa yaji. Na ce a raina, ga ƙofa. Na rage murya na ce, "Alhaji, daji fa ba hanyar mota ba ce, yana da ƙa'ida. A gidanmu, baƙon da za a shigar daji karon farko sai ya kame bakinsa daga nama, tun daga ranar da aka sanar da shi har ranar da zai ci abin da ya harba. In ba haka ba namun daji na jin warin 'yan'uwansu a jikinsa, ko su gudu ko su zo su rama." Wallahi a nan take na ƙirƙire ta, ina zaune kan turmi, kuma don ta yi nauyi na ɗora da cewa haka mahaifina ya bar mana. Na sa mamaci ya yi mini shaidar zur.

Alhaji ya shafa ciki. Ya ce, "Kaza ma?" Na ce, "Kaza ai ƙanwar zabuwa ce." Ya ce, "Kifi fa?" Jama'a, a nan ne Allah ya buɗe mini hanyar tuba, ni kuma na zagaye ta. Na ce, "Kifi naman ruwa ne, Alhaji." Ku duba fa, mutumin bakin kogi, wanda tun yana goye yake jin ƙamshin kifi, na raba shi da kifi da baki ɗaya. Abin da na sa rai shi ne kafin kasuwa ta zagayo zai zo yana lashe baki ya ce, Baushe na yafe, dama sadaka na yi wa yara. In yi kamar raina ya ɓaci, in ce to Alhaji kai ka fasa, a rabu lafiya kowa da mutuncinsa. Ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Shi ke nan. Na ɗauka."

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki. Kasuwa ta zagayo bai zo ba. Abin da ya zo kwano ne a rufe daga gidansa, da saƙon matarsa Hajiya, wai Alhaji ya ce daga yau kasonsa na nama a riƙa kawo wa Baushe, tunda shi zai ja gaba a daji ya kamata ya tara ƙarfi. Na buɗe, ga farfesun kan rago yana tururi. Me ya kamata mutumin kirki ya yi? Na sani, kuma ban yi ba. Na ce yau kaɗai, tunda an riga an dafa. Washegari aka kawo soyayyen kifi, na ce zubar da abinci ba kyau. Haka nake ta yau kaɗai har wandona ya daina ɗauruwa. Matata tana zaune tana kallona ina suɗe ƙashi, ta ce, "Ci, Sarkin Baka, ci. Wannan ce farautar farko da ka taɓa yi ta yi kyau, ka harbo Alhaji tun daga kan turmi." Na ce ta yi mini shiru. Ta ce, "Naman jikinsa ne fa ke sauka yana hawa naka. Ranar lahira ban san yadda za a raba ku ba."

Abin da ya fi ci mini rai, mutumin bai tsaya a kame baki ba. Ya sayo takalman daji masu tsawo. Kowace safiya yana bin hanyar ƙauyen Tanda a ƙasa, wai yana horar da ƙafa, shi da ko masallacin unguwa a kan babur yake zuwa da. In ya dawo sai ya biyo ta gidana ya zauna kan tabarma kamar ɗalibi ya ce, "Malam Baushe, yau na ga wani sawu a bakin fadama, mai tsaga biyu, na mene ne?" Ni kuma in zana masa a ƙasa, ga na barewa, ga na gyado, ga yadda zomo ke tsallake. Waɗannan na san su da gaske, don na ga mahaifina na nunawa, kuma in ina zana masa har mantawa nake cewa ni maƙaryaci ne. Azumi ya zo ya wuce, da kunu da wake ya riƙa buɗa baki. Ƙwai ma da ban hana shi ba ya bari don kansa, wai kada ya yi kuskure. Abokansa suka tare shi a ƙofar masallaci suka ce wannan ba addini ba ne, Allah bai hana ka ba wa ya isa ya hana ka? Ya ce, "Ban ce haramun ne ba. Alkawari na ɗauka." Ina bayansu ina neman takalmina, na ji kamar ƙasa ta buɗe. Ni da ko Fatiha sai liman ya ja ni, ni ne na zama mai haramta halal?

Kada ku ce ban yi ƙoƙarin kwance shi ba. Bayan ƙaramar salla, da na ga wuyansa ya fara yawo cikin riga, na je na ce, "Alhaji, na tuna ƙa'idar nan tana da fansa. In jira ya yi tsawo, baƙo na ba maharbi goro, shi ke nan ya koma cin namansa har ranar fita." Ya dube ni. Ya ce, "Baushe, tun ina yaron mota nake miƙa goro. Kowane shinge goro, kowace gada goro, wanda ya tsare ni da gaskiya goro, wanda ya tsare ni da ƙarya goro. Duk hanyar da na bi a duniya sayenta na yi. Ka bar ni in bi guda ɗaya da ƙafata kafin in mutu." Ku gaya mini, da wane baki zan amsa wannan? Na ce Allah ya ba da iko, na fito. A daren nan ma an kawo kwano, kuma kada in ɓoye muku, na ci.

Makon jiya ya faɗi a hanyar Tanda, masu amalanke suka ɗauko shi. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, ya duba shi ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai, ga shekaru, ga wani ciwo da dama yake fama da shi a ciki. Ya ba da magani, ya ce amma dole a haɗa da hanta da kifi da ƙwai, in ba haka ba faɗuwa ta gaba ba ya ɗaukar alhakinta. Alhaji ya karɓi maganin ya ce sauran sai ya dawo daga daji.

Kwana biyu bayan haka Hajiya ta zo gidana da rana tsaka, ita da ba ta taɓa taka ƙofata ba. Matata ta shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakina, daidai inda ake hango kuben nan a rataye. Na zaci zagi ta kawo, har na ji sanyi a raina, don zagi na san yadda ake ɗaukarsa. Sai ta ce, "Malam Baushe, godiya na zo yi tukuna. Ba ka san yadda mutumin nan ya koma ba da aka rufe gada. Sai ya wuni kwance ya juya wa ƙofa baya, in ka yi magana ba ya amsawa, motocinsa ma ya hana a ambata. Na fara tunanin haka zai tafi. Tun ranar kermes ɗin nan ya tashi. Yana dariya, yana ba jikoki labarin sawun barewa. Don haka ban zo in ce ka fasa ba." Ta gyara mayafi ta ce, "Amma ka kai shi. Ko bayan gari ne, ko zomo ne, ko kurciya. Ya harba ya ci, in samu in dafa masa hanta. Me kake jira ne?" Na ce hanya ba lafiya, sojoji sun hana yawo da bindiga. Ta ce, "Da ba ka san da sojojin ba ranar da ka tashi a gaban mutane?" Matata ta yi wani tari da ba na mura ba, ta shige madafa. Hajiya ta ɗaga kai ta dubi kuben, ta dube ni, ta ce, "Layya ta kusa. Kada ka sa mijina ya yanka rago ya zauna yana kallon mutane suna ci."

Na juya abin ta kowace fuska. In kai shi daji da gaske, da me? Ko na samu aron bindiga, tsofaffi biyu da makami a kusa da iyaka a wannan lokaci, in masu sintiri ba su ɗauke mu a matsayin 'yan ta'adda ba, 'yan ta'addan gaske da ke cikin dajin za su same mu, kuma ni ko rumbu aka kafa mini a gaba ba na rantsuwa zan same shi. Zuciyata ta tsiya ta kawo mini wata shawara: in sayi zabuwar gida in ɗaure ta a gindin kalgo bayan gonakin shinkafa, in ba shi baka ya harba daga kusa, in yi masa kirari mu dawo. Zai ci hanta, zai tashi, Hajiya za ta huta. Amma mutumin da ya ce mini yana so ya bi hanya ɗaya da bai saya ba, shi zan kai wurin zabuwar da na sayo a kasuwa? In ya ga igiyar fa? Matata ta ce magana ɗaya ce, in je in durƙusa in ce Alhaji babu bindiga, babu ƙa'ida, babu Baushe, in bar shi ya tofa mini yawu ya ci namansa. Na ce in ya koma ya juya wa ƙofa baya fa? In ya gane watannin nan da ya yi yana jin yunwa, da tafiyar safe, da amsar da ya ba abokansa a masallaci, duk a kan maganar da wani tsohon banza ya ƙaga a kan turmi ne? Ta ce, "Wannan tambayar da ka yi wa kanka tun kafin ka cinye masa kan rago." Ba na musun cewa ina jin tsoron kunyata ma. Teburin mai shayi shi ne duk sarautar da nake da ita a duniya. Amma wallahi yanzu in an ce in zaɓa, a yi mini dariya har in mutu in dai shi zai tashi.

Jiya da la'asar na je gaishe shi. Ragon layya na ɗaure a tsakar gida yana cin harawa, shi kuma yana kwance a inuwa, takalman dajin nan a gefen tabarmarsa an goge su fes. Ya kama hannuna, nasa ba nauyi kamar kara. Ya ce, "Baushe, ka yi kyau, ka murmure. Haka nake so, kada ka gaji a hanya." Ya nuna ragon ya ce in ba mu samu fita kafin salla ba, hantar ni zan ci masa. Na buɗe baki in faɗa, wallahi na buɗe, har na ce, "Alhaji, akwai wata magana." Ya ce, "Ni ma akwai. Ranar Juma'a in an sauko masallaci ka zo mini da bindigar Babanka. Ba harbawa zan yi ba, a cikin ɗaki zan riƙe ta kawai, hannuna ya saba da nauyinta. Ka ga na rage ƙarfi, kada ranar ta zo in ba ka kunya." Na ce to.

Na ce to, jama'a. Ga kuben can a rataye, ga bututun famfo a ciki, yau Laraba. Kwanon yau yana nan a rufe ban taɓa ba, karon farko ke nan. Wanda zai zage ni ya zaga, na ci abin da ya fi zagi, amma in ya gama ya taimake ni da amsa. In je masa da zabuwa a ɗaure, ko in kwance tsumman nan a gabansa? Me zan yi?